Darasi na 11: Saita Sanarwar Sauyi a Manhajar Ƙa'idojin Kasuwanci

Ranar 6 ga Disamba, 2022, Babban Bankin Najeriya ya aika wa bankuna takarda cewa daga 9 ga Janairu, 2023, tsabar kuɗin da mutum zai cira a mako kada ta wuce naira 100,000, ta kamfani kuma naira 500,000. Wanda ya haura iyakar a caje shi kashi 5 cikin ɗari, kamfani kashi 10. Jama'a suka yi ca, 'yan majalisa suka sa baki. Kwana 15 tsakani, ranar 21 ga watan, sai ga wata takardar: an ɗaga iyakar zuwa naira 500,000 ga mutum da naira miliyan 5 ga kamfani, cajin kuma ya sauko zuwa kashi 3 da kashi 5. Tun umarnin farko bai fara aiki ba aka sauya shi.

Cece-kucen da aka yi a rediyo kowa ya ji. Abin da ba a gani ba shi ne wani ma'aikaci a hedikwatar banki, zaune gaban kwamfuta, ya buɗe jadawali ya rubuta 100,000, bayan mako biyu ya dawo ya goge ya rubuta 500,000. Aikin bai ɗauke shi minti biyar ba. Amma kashiyar da ke reshen Gusau, da mai amsa wayar abokan ciniki, da odita, duk aikinsu a kan wannan lambar ya rataya, kuma babu ɗayansu da ke tsaye a bayansa sa'ad da ya danna maɓalli. Yadda labari zai isa gare su, a kan lokaci, ba tare da an dogara ga wani ya tuna ba, shi ne darasinmu na yau.

Mu ɗan koma baya

A darasin da ya gabata mun ce ƙa'idar kasuwanci magana ce mai gaɓa biyu: idan kaza ya faru, to a yi kaza. Idan kuɗin da aka tura ya kai naira 10,000, to a cire naira 50. Idan mai neman rance bai gama biyan na baya ba, to kada a ba shi sabo. A da, irin waɗannan ƙa'idoji a can cikin hanjin shirin kwamfuta suke, ba mai iya taɓa su sai injiniyan da ya rubuta shirin. Manhajar kula da ƙa'idoji, wadda masu sana'ar ke kira BRMS, ta ciro su ta zuba a rumbu guda, cikin jimloli da jadawalai waɗanda akanta ko jami'in rance zai iya karantawa ya gyara da hannunsa. Sunayen da za ku fi cin karo da su a wurin aiki su ne Operational Decision Manager na IBM, wanda asalinsa na kamfanin ILOG ne na Faransa kafin IBM ya saye shi a 2009; da Drools, wadda kyauta ce kuma a da Red Hat ne ke ɗawainiya da ita; da Blaze Advisor na FICO; da Corticon na Progress.

Sauƙin nan shi ne amfanin manhajar, shi ne kuma haɗarinta. Gyaran da a da sai ya yi makonni yana bin hannu biyar, kowa ya duba ya sa hannu, yanzu hannu ɗaya ke yin sa kafin shayi ya huce. Idanun da aka rage ta nan dole a mayar da su ta wata hanya.

Wani zai ce ai manhajar tana da kundin tarihi, duk abin da aka taɓa tana rubutawa. Haka ne, kuma kundin yana da muhimmanci. Sai dai kundi kamar littafin bashin mai shago yake: yana nan a durowa, ba ya magana sai an buɗe shi, kuma galibi ba a buɗe shi sai rigima ta tashi. Sanarwa kuwa yaron aike ce, ita ke tashi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kada ku ɗauki ɗaya a madadin ɗaya.

Wane sauyi ne ya cancanci a tashi mutum?

Ƙa'ida tana da zango-zango a rayuwarta. Ana ƙirƙirar ta a matsayin daftari, a yi ta gyara, a miƙa ta ga mai amincewa, ya yarda ko ya mayar da ita, a ɗora ta a filin gwaji, daga ƙarshe a sake ta a fagen aiki inda take taɓa kuɗin mutane na gaske. A kowane zango ana iya ɗaura sanarwa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga akwatunan zaɓi a jere ya cike su duka, wai don kada wani abu ya wuce shi. Mai rubuta ƙa'ida yana iya adana daftarinsa sau ashirin kafin azahar, yana gyara waƙafi da harafi. Idan kowane adanawa zai haifi imel, kafin mako ya zagayo ba wanda zai ƙara buɗe saƙon da ya fito daga manhajar. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ni dai ga ma'aunin da nake amfani da shi: idan saƙon ya isa, akwai abin da mai karɓa zai tashi ya yi? In babu, a bar wa kundin tarihi, ko a tara shi cikin taƙaitaccen rahoto guda da ke fita da yamma. Miƙa ƙa'ida don amincewa ya ci wannan jarrabawa, domin akwai mai aikin dubawa. Mayar da ita ma haka, domin akwai mai aikin gyarawa. Sakinta a fagen aiki kuwa ba sai an faɗa ba.

Waɗannan kowa yana tuna su. Waɗanda ake mantawa su suka fi cizo, don haka bari mu daɗe a kansu.

Akwai gogewa da dakatarwa. Mutane suna ɗaukar sauyi a matsayin ƙari ko gyara, sun manta cewa cire ƙa'ida ma sauyi ne, wani lokaci ma ya fi girma. A watan Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari a kan hada-hadar kuɗi ta na'ura, kafin watan ya ƙare aka janye umarnin. Ku ɗauka an riga an rubuta ƙa'idar an sa mata ranar farawa. Saƙon da shugaban sashe ke jira a ranar ba wai na sabuwar ƙa'ida ba ne, tabbaci yake so cewa an kashe waccan kafin ta farka.

Akwai kuma sauyin da ke zuwa ba tare da hannun kowa ba. Harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 ranar 1 ga Fabrairu, 2020, ranar kuwa Asabar ce. Ma'aikaci mai tsari zai rubuta sabuwar ƙa'idar tun cikin Janairu, ya sa mata ranar farawa, ya sa wa tsohuwar ranar ƙarewa, ya tafi gida. Ranar Asabar ba wanda ya taɓa komai, ofis ma a rufe yake, amma lissafin kowane rasit ya sauya. Sanarwar da aka ɗaura a kan gyara ba za ta motsa ba, tun da ba a yi gyara ba. Ku bincika ko manhajarku tana iya tunatarwa kafin ranar farawa da ranar ƙarewa. In ba ta iyawa, ku sa tunatarwar a kalandar ofis a ranar da aka amince da ƙa'idar, ba daga baya ba.

Sai gazawar saki. An danna maɓalli, an ɗauka sabuwar ƙa'ida ta hau, ashe ta maƙale a hanya, tsohuwar na ci gaba da aiki. Wannan saƙon ya fi na nasara gaggawa.

Na ƙarshe, kuma wanda na fi so ku riƙe: sauyin izini, da sauyin saitin sanarwar kanta. Idan aka ba wani sabon mutum ikon gyara ƙa'idojin rance, wani ya kamata ya ji. Idan aka kashe sanarwa ko aka cire adireshi daga jerin masu karɓa, wani ya kamata ya ji. Mai mugun nufi ba ya fara taɓa ƙa'ida, kare yake fara ɗaurewa.

Wa za a faɗa wa?

Nan zan ba ku labarin kuskuren da na yi da hannuna. Na taɓa aiki da wani ƙaramin bankin ba da rance, ni ne na saita musu sanarwa. Da na zo kan ƙa'idar da ta ƙayyade yawan rancen da manajan reshe zai iya amincewa da shi ba sai ya tura hedikwata ba, sai na sa adireshin imel na jami'in da ke kula da rassa, da nufin shi zai isar musu. Mutum ne mai himma, ba ya kwana da saƙo. Bayan wasu watanni ya tafi ƙaro karatu, aka ba wani kujerarsa, ba wanda ya tuna da saitin, har da ni. Can sai hukumar bankin ta rage iyakar. Aka gyara, aka amince, aka saki.

Wata Talata da hantsi wayata ta yi ƙara, manajar wani reshe ce.

"Malam, injin nan naku ya lalace ne? Tun safe nake danna amincewa yana cewa in tura hedikwata."

"Hajiya, ai an rage iyakar tun makon jiya. Ba a sanar da ke ba?"

"Wa zai sanar da ni? Ga matan ƙungiyar masu man gyaɗa nan a kan benci, wasu da goyo, wasu daga ƙauye suka biya kuɗin mota. Ni na ce musu yau za su karɓa. Yanzu da wane baki zan yi musu magana?"

Na rasa abin cewa sai ban haƙuri. Da muka sa aka buɗe akwatin imel na wancan jami'in, ga saƙon nan kwance, ba a taɓa shi ba, ya iso cikin minti ɗaya da sakin ƙa'idar. Manhaja ta yi aikinta daidai. Ni ne na aiki yaro gidan da masu shi suka tashi.

Daga ranar na daina ɗaura sanarwa a kan sunan mutum. A ɗaura ta a kan muƙami ko rukuni: manajojin rassa, masu amincewa da ƙa'idojin rance, sashen odita. Mutum yana tafiya hutu, yana tafiya Hajji, ana yi masa canjin wurin aiki, amma kujera tana nan. Sai dai rukuni ma yana da nasa ciwon, domin saƙon da aka aika wa mutum goma kowa yana zaton ɗayan ya gani. Maganinsa shi ne kowane rukuni ya kasance da mai shi, mutum guda da aka rubuta cewa shi ke da alhakin duba saƙon da sabunta jerin sunaye, da mataimakin da zai riƙe idan ba ya nan.

Masu karɓa ba buƙatarsu ɗaya ba. Mai amincewa yana son saƙo nan take, domin aiki ya tsaya yana jiran sa. Manajan reshe da mai amsa waya suna son labari kafin ƙa'ida ta fara aiki, da tazarar da za ta ishe su shiri. In sai bayan ta fara suka ji, ihu ne bayan hari. Odita kuwa ba ya gaggawa, rahoton mako ya ishe shi, amma yana so ya zama cikakke. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: wanda ya yi gyara kada ya zama shi kaɗai ke samun labarin gyaran. Ma'aikatan banki sun san tsarin mai shigarwa da mai tabbatarwa, wato ɗaya ya rubuta, wani daban ya duba. Sanarwa ma a kan wannan turbar take.

Imel 97

Ranar Laraba 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin dillancin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. An ɗora sabon shiri a kan sabobinsa, wato manyan kwamfutocin aikinsa, guda takwas, sai aka tsallake ɗaya, ita kuma da kasuwa ta buɗe ta shiga saye da sayarwa ba kan gado. Hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jarin Amurka ta bincika, ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12 a 2013. A cikin abin da ta gano akwai wannan: tun kafin a buɗe kasuwa a safiyar, na'urar kamfanin ta aika wa wasu ma'aikata imel 97 masu nuni ga matsalar. Ba a tsara saƙonnin a matsayin gargaɗi ba, ma'aikatan kuma ba su saba duba irinsu ba.

Manhajarsu ba irin tamu ba ce, amma ciwon ɗaya ne. Saƙo ya fita, ya isa, a kan lokaci ma, har sau 97. Abin da babu shi ne mutumin da aka ce masa: idan ka ga wannan, aikinka ne ka tashi.

Ta wace hanya?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta cikin manhajar kanta. A Decision Center, wani ɓangare na waccan manhajar ta IBM, alal misali, mutum yana iya zaɓar ƙa'idar da yake son bi, duk gyaran da aka yi mata sai ya bayyana masa a shafin farko idan ya shiga. Wannan ya dace da masu yini a cikin manhajar. Manajan reshe da ba ya shiga sai a wata sau ɗaya, ba ta amfane shi da komai ba.

Imel shi ne jakin aikin. Kafin manhaja ta iya aika shi, sai mai kula da ita ya gaya mata adireshin sabar aika wasiƙu ta ma'aikatar, wadda ake kira sabar SMTP, da lambar ƙofarta, galibi 587, da suna da kalmar sirrin asusun da za a riƙa aikawa da shi. Ku nemi sashen kwamfuta su buɗe asusu na musamman don wannan aiki, mai suna da ke nuna daga ina saƙon yake. Kada wani ya sa nasa asusun don sauri. Ranar da ya sauya kalmar sirrinsa, sanarwa za ta mutu shiru.

Saƙon tes yana da nasa wuri, musamman ga rassan da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, amma kuɗi ake biya a kansa kuma yana katse wa mutum barci. A keɓe shi ga abu biyu ko uku, kamar gazawar saki da gyaran da aka yi a fagen aiki bayan an tashi daga ofis.

Sai webhuk, wanda sunansa ke tsorata ɗalibai alhali abin ba wuya. Adireshi ne na intanet da kake ba manhajar, ka ce mata duk sa'ad da abu kaza ya faru ta tura bayaninsa can. A can ɗin wata na'ura ce ke jira, ba mutum ba. Ita za ta karɓa ta zuba a zauren hirar ma'aikata irin Slack ko Teams, ko ta buɗe takardar aiki ga sashen da abin ya shafa. Decision Center yana da wannan hanya. Masu amfani da Drools kuwa galibi a Git, wato ma'ajiyar shirye-shiryen kwamfuta, suke ajiye ƙa'idojinsu, don haka daga Git ɗin suke ɗaura sanarwa. Tambaya ɗaya za ku yi wa injiniyan da ya haɗa muku: idan na'urar can ba ta amsa ba, manhajar za ta sake gwadawa ne, ko saƙon ya tafi ke nan?

Abin da saƙon zai ƙunsa

Manhajoji da yawa suna zuwa da saƙo irin wannan: "An sabunta abu mai lamba 4471." Wannan ba sanarwa ba ce, kacici-kacici ne. Ku gwada shi da wannan, wanda na gina a kan misalinmu na farko:

Kan saƙo: FAGEN AIKI. An ɗaga iyakar cirar kuɗi ta mako ga ɗaiɗaikun mutane
Yadda take a da: naira 100,000
Yadda ta koma: naira 500,000
Farawa: Litinin 9 ga Janairu, 2023, 00:00 agogon Najeriya
Mai gyara: jami'in ƙa'idoji. Mai amincewa: shugaban sashen bin doka
Dalili: takardar Babban Banki ta 21 ga Disamba, 2022
Abin da ake so: manajojin rassa su sanar da kashiyoyinsu kafin Juma'a

Wanda ya karanta kan saƙon kaɗai a wayarsa, yana cikin adaidaita sahu, ya riga ya san ko abin ya shafe shi. Tsohuwar lamba da sabuwa suna gefe da gefe, don haka in an yi kuskuren sifiri guda ido zai kama. Layin dalili ba zai cika da kansa ba. Sai kun saita manhajar ta ƙi karɓar gyara idan ba a rubuta dalili ba, kuma ku hana mutane rubuta "gyara" kawai su wuce.

Ku lura ban rubuta "daren Litinin" ba. A wurin Bahaushe dare yana riga yininsa, shi ya sa daren Juma'a yake nufin daren da Alhamis ta wuce ta bari. Wani abokin aikin kuma zai fahimci akasin haka, kun ga an samu tazarar awa 24 a cikin kalma biyu. Ku rubuta kwanan wata da lokaci da lambobi. Ku kuma faɗi agogon wace ƙasa, domin sabobi da yawa da agogon UTC suke aiki, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Gyaran da saba ta rubuta 23:30 na 31 ga Janairu, a Kano ko Maraɗi 00:30 ne na 1 ga Fabrairu. Ranar da odita ya zo tambayar wane wata aka yi gyaran, wannan awar za ta zama magana.

Akwai abin da ba ya shiga saƙo ko kusa: sunan abokin ciniki, lambar asusunsa, lambar BVN, kalmar sirri. Imel yana yawo, ana tura wa wani, ana buɗe shi a wayar da yara ke wasa da ita. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Wanda ke son cikakken bayani ya shiga manhajar da izininsa ya gani.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ranar da za a saki babbar ƙa'ida ta zama ranar farko da za ku san ko sanarwarku tana aiki. Ku shiga filin gwaji, ku ƙirƙiri ƙa'idar banza wadda ba ta taɓa komai, ku bi da ita zango-zango: ku gyara, ku miƙa, ku sa a mayar da ita, ku sake miƙawa, a amince, ku saki, ku goge. A kowane zango ku ɗauki waya ku kira wanda ya kamata ya samu saƙon. Kada ku tambaye shi "ka gani?", domin kunya za ta sa ya ce e. Ku ce ya karanta muku kan saƙon. In bai gani ba, ya leƙa akwatin tarkacen imel, can saƙonnin na'ura suka fi faɗawa. Ku tabbata kuma saƙon filin gwaji yana ɗauke da kalmar GWAJI ɓaro-ɓaro a kansa, kada wani manaja ya tara ma'aikatansa a kan ƙa'idar da ba ta wanzu ba.

Bayan haka ku lalata wani abu da gangan, a filin gwajin dai. Ku sa adireshin webhuk na bogi, ko ku sa saki ya gaza, ku ga ko wani zai ji.

Matsalar da ta rage ita ce shiru. Idan mako ya wuce ba saƙo, ko dai ba a taɓa komai ba, ko kuwa sanarwar ce ta mutu, kuma daga kujerarka ba ka iya bambance su. Dabarar ita ce a saita rahoton mako ya fita ko da babu labari, ya ce "ba a yi sauyi ba a wannan mako". Ranar Litinin ɗin da wannan bai zo ba, ka san akwai abin dubawa. Duk wata uku kuma a fito da jerin masu karɓa a karanta shi suna bayan suna, tare da wani daga sashen ma'aikata wanda ya san wa ya tafi, wa ya zo.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi ƙa'ida ɗaya daga wurin aikinsa. Wanda ba ya aiki da manhaja ya ɗauki ta shagonsa ko ta ƙungiyar adashensu, kamar farashin sari ko tarar wanda ya makara da zubi. A takarda guda, ku rubuta sauye-sauyen da za su sa a tashi mutum da waɗanda za a bar wa kundi, ku rubuta muƙamin da zai karɓi kowanne, da abin da ake so ya yi idan saƙon ya iso. Sannan ku tsara saƙo ɗaya cikakke irin na sama.

Masu manhaja a ofis kuma ina da ƙarin roƙo gare ku. Gobe da safe, kafin ku fara komai, ku nemi a nuna muku jerin adiresoshin da sanarwa ke zuwa yanzu haka, ku ƙirga nawa ne daga cikin masu su har yanzu suke kan kujerunsu. Ku zo mana da lambar a zama na gaba.